Lamorde: Ruwan Lungu Ma Yana Kayar da Gida

A watan Satumba na 2020, kogin Isa ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shingen da ke kare Lamorde, ya raba dubban mutanen Harobanda da gidajensu. Tun daga lokacin, duk zancen ambaliya a unguwar ya koma kan kogi da shinge. Amma akwai ruwan da ke cin gidaje a ɓoye kowace damina, wato wanda ke kwanciya a ɗan lungun da ke tsakanin bayan ɗaki da katanga. A ganina, wajibi ne kowane maigida ya fitar wa wannan ruwa hanya tun kafin ya sayi fenti ko sabuwar ƙofa.

Ƙasar bakin kogi laka ce, ba ta shan ruwa da sauri. In ta jiƙa ta kumbura, in ta bushe ta daddare, tushen gini kuwa yana motsi tare da ita. Lungun ga shi matsattse, rana ba ta daɗewa a cikinsa, kuma nan indararo ke juye ruwan rufi. Rufi mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwa na milimita 40, zai zubo lita 2,000, durom 10 ke nan a gindin bango cikin dare ɗaya. Tubalin ƙasa narkewa yake daga ƙasa, bulo kuma ya tsage, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Maganin ba ɓoyayye ba ne. A cika lungun da burji a daɓe, a karkata shi nesa da ɗaki da kamar santimita 2 a kowace mita, a ja ƙaramin lambatu na siminti a tsakiya, a buɗe rariya a gindin katanga, a riƙa yashe ta kafin ruwan farko.

Wasu za su ce a haƙa rami a cika da tsakuwa ya shanye ruwan. Wannan dabara ta ƙasa mai rairayi ce. A laka, inda ruwan ƙasa ke kusa a lokacin damina, ramin tafki zai zama a jikin tushen gini. Wasu kuma za su ce fitar da ruwa waje tura wa maƙwabci wahala ne. Suna da gaskiya idan kowa ya yi gaban kansa. Shi ya sa ya kamata mutanen layi su zauna da mai unguwa su daidaita inda ruwa zai bi, hukumar gunduma ta 5 ta Yamai kuma ta gina manyan magudanan da rariyoyin za su zuba a ciki, ta kuma riƙa yashe su.

Mai cewa babu kuɗi ya gwada farashin buhun siminti biyu da amalanken burji da kuɗin tayar da katangar da ta faɗi, balle in ta faɗa kan yara suna barci. Shinge aikin gwamnati ne, kuma dole a ci gaba da neman ta ƙarfafa shi. Lungun bayan ɗaki kuwa yana hannun maigida, kuma rani ne lokacin gyaransa.