WANDA YA JA LAYI SHI YA YI ZAƁE: RADDI GA ABOKINA

Ina neman gafarar malamaina da shugabannin wannan ƙungiya tamu, domin abin da na kawo a wannan fitowa raddi ne, kuma ya ɗan kauce wa nazarin waƙa da karin magana da muka saba. A zaman muhawarar da muka yi a zangon karatun da ya wuce, wani abokina ɗan sashen Kimiyyar Siyasa ya miƙe gaban jama'a ya ce wai zaɓen ɗan Majalisar Wakilai da aka yi a sabuwar mazaɓa ta biyu ta jihar Alabama, can ƙasar Amurka, a shekarar 2024, naɗi ne aka yi aka kira shi zaɓe. Ya ce alƙalai ne suka yanka wa baƙar fata mazaɓa kamar yadda tela yake yanka wa yaro rigar Salla, saboda haka wannan ma wariyar launin fata ce, riga kawai aka sake mata. Ya rufe da cewa ƙuri'a ƙuri'a ce, kowa ya jefa tasa a ƙirga. Aka yi masa tafi raf-raf. Ni kuwa lokaci ya ƙure ban sami bakin magana ba. To, ga amsata a rubuce, inda babu mai kaɗa mini ƙararrawa.

Da farko bari mu san abin da muke gardama a kai. Majalisar Wakilan Amurka kujeru 435 gare ta. Duk bayan shekara 10 akan yi ƙidayar jama'a, a raba wa jihohi kujerun nan gwargwadon yawan mutanensu, sa'an nan kowace jiha ta shata iyakokin mazaɓunta. A yawancin jihohi, 'yan majalisar dokokin jiha su ne ke riƙe da alƙalamin shatar. Wato jam'iyyar da ke da rinjaye ita ce ke zana filin da za a kara da ita a kai. An ba kura ajiyar nama ke nan. Kuma abin ya daɗe, domin tun a 1812 gwamnan jihar Massachusetts, Elbridge Gerry, ya sa hannu a kan wata taswira mai mazaɓa da ta yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar ƙadangare, har aka laƙaba wa irin wannan maguɗi sunansa.

Yaya ake yin maguɗin? Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da murhu zai gane. A ce mai girki tana da tukunya bakwai da gishiri wanda zai ishi biyu. Idan ta juye fiye da rabinsa a tukunya ɗaya, ta barbaɗa sauran kaɗan-kaɗan a shida, to ɗaya za ta yi zartsi, shidan kuwa lami. Ba ta zubar da ko ƙwayar gishiri ba, amma ta hana shi aiki. Haka aka yi a Alabama. Jihar tana da kujeru 7, baƙar fata kuwa sun kai kashi 27 cikin 100 na jama'arta. Taswirar da majalisar jihar ta zana a 2021 ta tattara baƙaƙen wani ɓangare na Birmingham da na Selma da wani ɓangare na Montgomery ta cusa a mazaɓa ta bakwai, ta watsa sauran a inda ba za su taɓa yin rinjaye ba. Kujera 1 cikin 7 kashi 14 ke nan cikin 100. Ɗan'uwa, kai da ka ce kowa ya jefa a ƙirga, ai an ƙirga. An riga an san amsar lissafin tun kafin a buɗe akwati.

Kada kuma wani ya ce tsautsayi ne. Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga 1877 jihar Alabama ba ta sake tura baƙar fata Majalisar Wakilai ba sai da Earl Hilliard ya ci zaɓen 1992, shekara ɗari da ɗoriya ke nan, shi ma ɗin sai da kotu ta sa hannu a shatar mazaɓar. A 1957 majalisar jihar ta ɗauki garin Tuskegee, wanda iyakarsa kusurwa huɗu gare ta, ta mai da shi mai gefe 28, ta yadda cikin baƙaƙe masu ƙuri'a wajen 400, in ka ɗebe mutum huɗu ko biyar, duk suka wayi gari a wajen gari alhali ba wanda ya tashi daga gidansa. Sai a 1960 Kotun Ƙoli ta ce hakan bai halatta ba. A Selma ta wannan jiha ce aka yi wa masu zanga-zangar neman 'yancin ƙuri'a dukan kawo wuƙa a kan gada ranar 7 ga Maris 1965, abin da ya jawo Dokar 'Yancin Zaɓe ta wannan shekara. Wanda ya san wannan tarihi, in ya ga 'yan majalisar Alabama riƙe da alƙalami da taswira, ba zai ce zanen fure suke yi ba.

To, me ya faru? Wasu mutanen jihar, cikinsu har da Evan Milligan wanda shari'ar ta ɗauki sunansa, suka kai ƙara. A Janairun 2022 alƙalan tarayya uku, biyu daga cikinsu kuwa Donald Trump ne ya naɗa su, suka ce da alama taswirar ta saɓa wa sashe na 2 na dokar 1965, a sake zanawa. Kotun Ƙoli ta dakatar da wannan umarni a Fabrairu, aka yi zaɓen 2022 da tsohuwar taswira, Rifablikan 6, Dimokurat 1. Sai ranar 8 ga Yuni 2023 Kotun Ƙolin ta yanke hukunci, alƙalai 5 a kan 4, cewa alƙalan farko sun yi daidai. Kun ji ihu bayan hari. Wa zai biya mutanen nan shekara biyun da aka yi ana yanke hukunci a Washinton da wakilcin da aka tauye? Abokina bai yi wa wannan zaɓe na 2022 kuka ba. Bai kira shi naɗi ba.

Sauran labarin ya fi ban takaici. An ce wa majalisar jihar ta zana mazaɓa ta biyu mai rinjayen baƙar fata ko abin da ya yi kusa da haka, sai ta zana wadda baƙaƙe suke kusan kashi 40 cikin 100, ta miƙa wa kotu ba ko kunya. Alƙalan suka yi watsi da ita a Satumbar 2023, suka ɗora wa wani ƙwararre aikin, a watan Oktoba aka amince da sabuwar taswira. Sabuwar mazaɓar ta taso daga birnin Mobile na bakin teku, ta ratsa yankin nan mai baƙar ƙasa inda a da bayi suka noma auduga, ta haɗa da Montgomery da Tuskegee, ta dangana da iyakar jihar Jojiya. Saboda haka, ɗan'uwa, alƙalai ba su ƙwace alƙalami haka kawai ba. Sun ba masu shi dama, suka sake yin abin da aka hana su, sa'an nan aka karɓe.

Yanzu mu zo kan batun naɗi. Baƙaƙen da suka isa jefa ƙuri'a a sabuwar mazaɓar kashi 48.7 ne cikin 100. Ba su kai rabi ba. Rigar Sallar da aka ce an yanka ashe ba ta ma rufe kafaɗa ba. 'Yan takara suka fito rututu a jam'iyyun biyu, har sai da aka je zagaye na biyu na fidda gwani a Afrilun 2024. Shomari Figures, ɗan Mobile, wanda ya yi aiki a gwamnatin Obama da kuma ma'aikatar shari'a ta tarayya, ya tsaya wa Dimokurat. Caroleene Dobson, lauya, ta tsaya wa Rifablikan. Aka yi yaƙin neman zaɓe na gaske, aka kashe kuɗi, aka bi gari-gari. Ranar 5 ga Nuwamba 2024 Figures ya sami kusan kashi 55, Dobson 45. A karon farko a tarihi Alabama ta sami baƙar fata biyu a Majalisar Wakilai a lokaci guda, shi da Terri Sewell. Wannan Figures kuwa ɗa ne ga Michael Figures, ɗaya daga cikin lauyoyin da suka tsaya wa mahaifiyar Michael Donald, saurayin da 'yan Ku Klux Klan suka kashe suka rataye gawarsa a bishiya a Mobile a 1981, har kotu ta ci ƙungiyar diyyar dala miliyan 7 a 1987. In abokina yana neman mazaɓar da aka san mai ci tun kafin a fara, ya duba sauran shidan, inda ba a ko tababar wanda zai ci a wannan shekara. Mazaɓar da ya kira naɗi ita kaɗai ce aka yi kokawa a cikinta.

Ba zan ɓoye ƙarfin hujjarsa ba, don ba shi kaɗai ke riƙe da ita ba. Alƙali Clarence Thomas, wanda shi kansa baƙar fata ne, yana cikin huɗun da suka ƙi hukuncin 2023, bisa ra'ayin cewa bai kamata hukuma ta duba launin mutum wajen shata iyaka ba. Magana ce mai daɗin ji, ni ma ina fatan ranar da za ta tabbata. Amma kotu ta tabbatar cewa a Alabama ana jefa ƙuri'a ne bisa launi, wanda baƙaƙe suka so, galibin Turawa kan ƙi shi. A irin wannan wuri, wanda ya ce a rufe ido kada a ga launi, bayan an riga an zana layin da ido buɗe, to cewa ya yi a bar wa ɓarawo kayan da ya ɗauka don kada a ta da hankalin unguwa. Likita ba ya ɗaure karaya ba tare da ya dubi ƙafar da ta karye ba.

Inda zan ba abokina gaskiya wuri ɗaya ne, kuma ba wurin da yake so ba. Kotu ba madogara ba ce. Kotun Ƙolin da ta yi hukuncin 2023 ita ce a 2013, a shari'ar gundumar Shelby ta wannan jiha ta Alabama, ta karya tanadin da ya tilasta wa jihohi masu mummunan tarihi neman izinin tarayya kafin su sauya dokokin zaɓe. Ita ce kuma a 2019 ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin hana maguɗin iyaka in don jam'iyya aka yi shi. Wato an koya wa mai zane abin da zai faɗa: ya ce ba launi na duba ba, jam'iyya na duba. A 2025 'yan Rifablikan na jihar Texas suka sake zana taswira ba tare da jiran wata ƙidaya ba, da nufin ƙara kujeru 5, 'yan Dimokurat na Kalifoniya su ma suka rama da tasu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da alƙalai biyar suka bayar, alƙalai biyar suna iya karɓewa. Maganin shi ne a raba ɗan takara da alƙalamin shata iyaka, kamar yadda ba a barin mai gona ya zama shi ne alƙalin rikicin iyakarsa da maƙwabcinsa.

Wani zai ce ina ruwan ɗalibin Hausa da Alabama? Ruwanmu shi ne, a 1979 tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka muka aro, da majalisu biyu da mazaɓu. Tsarin mulkinmu na 1999 ya ɗora wa hukumar zaɓe nauyin sake duba iyakokin mazaɓu, amma ya ce sauyi ba zai fara aiki ba sai majalisun tarayya sun amince, wato su waɗanda kujerunsu za su girgiza. Mazaɓu 360 ɗin da aka yi zaɓen 2023 da su, tun 1996 aka shata su, zamanin mulkin soja, kafin ma ƙidayar 2006. Kowa a cikinmu ya san yadda unguwannin bayan gari suka cika suka tumbatsa tun daga wancan lokaci. Mukan tsaya a rumfar zaɓe mu kasa mu tsare, mu raka ƙuri'a har wurin tattarawa, amma ban taɓa jin ɗalibi ya tambayi wanda ya ja layin mazaɓarsa ba, da shekarar da aka ja shi, da mutum nawa ne a ciki in an kwatanta da ta maƙwabta.

Saboda haka ina ƙalubalantar abokina, a zama na gaba ya zo da taswirar Alabama ta 2021 da ta 2023, mu shimfiɗa su gaban malamanmu, ya nuna wa jama'a da yatsa wadda tela ya yanka. In ya ga dama ya haɗo da ta mazaɓar garinsu. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke gare shi, ni kuwa ina jiran amsarsa.