Waiwaye: Malamin da ya ce a sha ruwa daidai ƙishi

Tim Noakes likita ne. Ya gama karatu a Jami'ar Cape Town a 1974, amma zaman asibiti bai riƙe shi ba, jikin ɗan wasa ne ya ɗauke masa hankali. A jami'ar ya yi rayuwarsa, yana koyarwa yana bincike, shi ma yana shiga Comrades, gudun fanfalakin nan na kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg.

A wancan zamani huɗubar da ake yi wa masu gudu ɗaya ce: ka yi ta shan ruwa, kada ka jira ƙishi. Noakes ma abin da yake faɗa ke nan. Sai a gasar Comrades ta 1981 wata mata ta fita hayyacinta, aka kwashe ta zuwa asibiti. Da aka auna jininta sai aka ga ruwa ne ya yi mata yawa. Ta sha fiye da abin da ƙoda ke iya fitarwa, gishirin jininta ya yi ƙasa, ruwan ya kutsa ƙwaƙwalwa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa idan ta kumbura ba ta da wurin zuwa, ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Abin tsoron shi ne, mai wannan ciwo yana jiri da amai da ruɗewa, wanda ya gan shi sai ya ce ƙishi ne, ya ƙara ɗura masa ruwa.

A 1985 Noakes da abokan aikinsa suka wallafa rahoto kan 'yan wasa huɗu da hakan ta same su. Ya janye tsohuwar shawararsa a fili, kuma a ganina nan ne malamtakarsa ta cika. Sai dai ba a saurare shi ba. A 1996 babbar ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka tana nan tana cewa a sha iya abin da ciki zai ɗauka, kamfanonin lemon 'yan wasa kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Sai da aka rasa rai a gudun Boston na 2002, bincike kuma ya nuna kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka auna a wannan gudu gishirin jininsu ya sauka, sannan ƙungiyar ta gyara maganarta a 2007. Shekara 22 ke nan. Matashin da ke sha'awar aikin bincike ya san da haka: takarda ɗaya ba ta juya jama'a, sai an yi ta maimaitawa a aji da mujalla da bakin fili.

Amma wanda ya taɓa yin gaskiya shi kaɗai, yakan ɗauka kullum haka ne. Daga baya Noakes ya juya wa tuwo da burodi da sukari baya, ya koma wa'azin cin maiƙo, da zafin da hujjarsa ba ta kai ba, in ji abokan aikinsa da dama a jami'ar. Wata amsa da ya ba wata mai shayarwa a Twitter a 2014, kan abincin yaye, ta kai shi gaban hukumar ma'aikatan lafiya ta Afirka ta Kudu. An wanke shi a 2017, aka ɗaukaka ƙara, aka sake wanke shi a 2018. Hukuncin ya ce bai saɓa ƙa'idar aiki ba. Batun maiƙo kuwa, har yau masana na ja-in-ja a kai.