Ba Kowane Zaman Sasantawa Ne Sulhu Ba



Akwai 'yan bokon da suka kafe cewa sulhunmu da sasantawar Turawa abu guda ne, harshe kawai ya bambanta. Ban yarda ba.

Kalmar tasu daga Latin ta fito, reconciliare. Re na nufin sakewa, conciliare kuma haɗa kan mutane, daga concilium, wato majalisa, wadda masana harshe ke dangantawa da calare, kira. Asalinta ke nan: a sake kiran waɗanda suka watse su zauna wuri guda. Kalma ce mai kyau, amma ba ta tambayi wanda ya ci haƙƙin wani ba.

Sulhu kuwa tushensa gyara ne, kishiyar ɓarna. A Suratul Hujurat, aya ta 9, Allah Maɗaukaki Ya yi umarni a yaƙi ɓangaren da ya yi zalunci har ya dawo kan hanya, sannan a sulhunta su da adalci.

Ku duba Afirka ta Kudu. Hukumar gaskiya da sasantawa da Desmond Tutu ya jagoranta ta fara zama a 1996, da ikon yi wa wanda ya fallasa laifinsa afuwa. Iyalan Steve Biko suka garzaya kotu suna ƙalubalantar wannan iko, suka sha kaye. A shari'armu, yafe kisasi haƙƙin magadan mamaci ne, sarki ma ba ya ƙwace musu shi.

Wassalam.