A shata iyakar filin jirgin Sumbrungu tun kafin a yanka fulotai

Shekara da shekaru gwamnatocin Ghana suna yi wa yankin Upper East alƙawarin filin jirgin sama a Sumbrungu, kusa da Bolgatanga. Wannan jarida tana goyon bayan aikin. Mutumin Bawku da ke son hawa jirgi sai ya bi mota har Bolga, ya ƙara wata doguwar tafiya zuwa Tamale. Maniyyatanmu sun san sauƙin da suka samu tun 2016, da aka fara kwasar alhazan arewa daga Tamale maimakon Accra. Amma akwai maganar da ba a cika yi ba: su wa za su kwana ƙarƙashin jiragen?

Mu duba Kano. Filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ya fi kowane daɗewa a Najeriya, ya fara aiki a 1936, lokacin yana bayan gari. Yau gari ya kewaye shi. A Kurna, Jaba da Gwammaja, idan jirgi ya taso, malamin Islamiyya kan yi shiru, yara su bi sama da kallo, sai rugugin ya wuce a koma kan ayar da aka tsaya. Kwanon rufi na karkarwa, jaririn da aka sha wahalar lallashi ya farka a firgice. Lokacin jigilar alhazai abin ya fi tsanani. Mutane kan ce sun saba, to amma jiki ba ya sabawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2018, ta ba da shawarar kada ƙarar jirgi ta wuce desibel 40 da dare, saboda tana hana barci, tana da alaƙa da ciwon zuciya, tana kuma rage wa yara fahimtar karatu.

Akwai abin da ya fi ƙara muni. Ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidajen Gwammaja jim kaɗan da tashinsa, mutum fiye da 100 suka rasu, cikinsu har da waɗanda ke zaune a gidajensu. Allah ya jiƙansu. A Accra ma, a watan Yunin 2012, jirgin ɗaukar kaya ya zarce titin sauka ya afka wa motar haya kusa da filin wasa na El-Wak.

Ba ma ɗora wa talakan da ya gina gida a irin waɗannan wurare laifi. Fili ya samu da araha, wani ya sayar masa, hukuma ta sa hannu ko ta kau da kai. Da zarar an ji za a yi filin jirgi, ƙasar wurin takan yi daraja, 'yan kamasho su shigo. Kafin a ankara an yi unguwa da masallaci da makaranta, sannan a zo ana maganar rusau da diyya. Gyara daga baya yana da wuya: Jamusawa sun hana tashi da saukar jirage a Frankfurt daga 11 na dare zuwa 5 na asuba tun 2011, amma sai da mazauna suka yi ta fama a kotu.

A Sumbrungu akwai sauran lokaci. A yankinmu ƙasa tana hannun sarakuna da tindana (masu kula da ƙasa a gargajiyance) da iyalai, don haka da su za a fara zama. Muna kira ga kamfanin kula da filayen jiragen Ghana da hukumar kare muhalli da majalisar Bolgatanga su auna hanyar da jirage za su bi, su kafa duwatsun iyaka, su bayyana taswirar a rediyo cikin Frafra da Kusaal da Hausa. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016 ta ba majalisu ikon hana gini a irin wannan wuri. A bar shi ga noma da kiwo, a kuma biya masu gonakin da aka karɓa haƙƙinsu cikakke kafin katafila ta shiga.