Shin lambar gidan waya za ta iya auna masu sauraro a karkarar Kano?

A Amurka, kamfanin Nielsen ya kasa ƙasar zuwa kasuwannin talabijin 210, kuma masu talla kan duba lambar gidan waya don sanin tashar da ke isa kowane gida.

A ƙauyukan Dambatta da Bichi, arewacin jihar Kano, lamarin ya sha bamban. Hukumar NIPOST na da lambobinta, amma da sunan gari da na unguwa manoma ke kwatance.

Rediyo kuwa ba ruwansa da iyaka: ana jin tashoshin Kano har Kazaure, wadda ta koma Jigawa a 1991.

Saboda haka, mai sanarwar taki ko rigakafi da ya dogara da lamba, maimakon inda muryar tasha ke kaiwa, zai iya rasa manomin da yake nema.