Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin NNPC Kan Iskar Da Ke Rufe Bawul

Zuwa ga Shugaban Rukunin Kamfanin NNPC da daraktocinsa,
Hasumiyar NNPC, Abuja.

 

Tun ranar 30 ga Yunin 2020 da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, daga Ajakuta ta Abuja zuwa Kaduna da Kano, maganar da ake yi ba ta wuce kilomita nawa aka yi wa walda, kuma yaushe gas zai iso ba. A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin tashar lantarki ta Gwagwalada, wadda kashinta na farko zai ba da megawat 350 cikin 1,350 da ake sa rai, kuma da gas ɗin wannan bututu za ta rayu. Duk wannan ya samu masu magana. Ni a kan wani ƙaramin abu na rubuto, wanda ba a yanka masa kintinkiri ranar buɗewa, amma shi ne ke yanke hukunci ranar da abu ya ɓaci.

A kan manyan bawul na bututu da na tashar wuta akwai na'urar da ma'aikata ke kira akcuweta. Aikinta ta buɗe bawul ko ta rufe shi ba tare da mutum ya kama sitiyari yana murɗawa ba. Da yawansu da matsattsiyar iska suke aiki: iska ta tura fistin ko faifan roba, sifirin ya danne, bawul ya buɗe, iska ta yanke, sifirin ya mayar da shi inda ba haɗari. Wanda ya san birkin tirela ya san wannan, domin ita ma idan iskarta ta ƙare birki kamawa yake yi. Kuma duk tsohon direba ya san dole a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iska, in ba haka ba wata rana a gangara birki zai ci amanarsa. Abin da direban ya sani, masana'antunmu da yawa sun manta shi.

Ranka ya daɗe, idan akcuweta ta ƙi motsi, da wuya laifin ya zama na ƙarfen. Yawanci iskar da aka ba ta ce ta kashe ta, kuma babban mai laifi a cikin iskar shi ne ruwa. A daminar Abuja, ranar da zafi ya kai digiri 30 kuma raɓar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kowace mita ɗaya mai siffar akwati ta iska na ɗauke da ruwa kusan giram 24. Kwamfiresa matsakaiciya mai zuƙar irin wannan mita 10 a minti ɗaya za ta haɗiye fiye da lita 300 a kwana, wato ya haura durom ɗaya da rabi. Da an matse iskar ta huce, mafi yawan ruwan nan sauka yake yi. In na'urar busar da iska tana aiki, kuma ƙaramin bawul ɗin zubar da ruwa na gindin tanki bai toshe ba, babu damuwa. In ɗayansu ya tsaya, ruwan zai bi siraran bututu, ya wanke giris ɗin silinda, ya sa tsatsa, tsatsar ta ɓantare ta shiga ramukan na'urar daidaita matsayin bawul, waɗanda wasunsu ba su fi bakin allura ba. Daga nan sai bawul ya fara rawa, ko a ce masa ya rufe ya tsaya a rabi.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce ta makanikai. Da misalin ƙarfe 4 na asubahin 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, ma'aikata na ƙoƙarin buɗe wata matatar ruwa da ta toshe. Masu bincike sun fi karkata ga cewa ruwa ne ya kutsa cikin layin iskar na'urori, bawul-bawul suka rufe kansu, famfunan da ke ba tukunya ruwa suka tsaya. Sai wani bawul na daban ya maƙale a buɗe, masu kula da tashar suka kasa gane abin da ke faruwa, har kusan rabin cibiyar injin ya narke. Wannan rukuni na tashar bai sake aiki ba. A 1988 hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta aika wa tashoshin da take kula da su takarda ta musamman a kan ingancin iskar na'urori kaɗai.

Ƙa'idar ba ɓoyayyiya ba ce. Ma'aunin ISA 7.0.01 ya ce ƙura kada ta wuce maikron 40, mai kada ya wuce kashi 1 cikin miliyan, kuma a busar da iskar yadda ruwa ba zai sauka a cikinta ba ko da sanyi ya yi ƙasa da mafi sanyin wurin da digiri 10. Akwai na'urar auna wannan. Roƙona shi ne a sa ta a kowace tasha, ta riƙa kai ƙara ɗakin sarrafawa, kuma adadin ya shiga rahoton wata-wata da ke zuwa teburinka.

Da damina ta wuce kuma sai hunturu ya karɓa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da ke rufe Dutsen Zuma ita ce kwamfiresa ke shaƙa. Filtar da littafin kamfanin Turai ya ce a sauya bayan wata shida, a nan ba za ta kai ba. Jadawalin gyara na ƙasar da ba ta san hunturu ba, kuskure ne a kwafe shi yadda yake. Akwai kuma zanzaro. Ramin da akcuweta ke fitar da iska daidai yake da abin da zanzaro ke nema ya gina ɗakinsa. Zai kawo laka ya cika shi tsaf, ta bushe ta yi tauri. Ranar da aka yanke iska don sifirin ya rufe bawul, iskar ciki ba ta da mafita, bawul ya tsaya inda yake. Maganinsa 'yar raga ce da ake ɗaurawa a bakin ramin, da ma'aikacin da zai zagaya ya duba da idonsa. Bawul ɗin da ke kan bututu a daji, waɗanda akan sa su yi aiki da gas ɗin bututun kansa, nasu ciwon baƙar hoda ce ta tsatsar cikin bututu, mai toshe filta.

Sai roba. Zoben roba da faifan roba suna tsufa ko ana aiki da su ko ba a yi. Ranar Gwagwalada a watan Maris takan kusanci digiri 40, ƙarfen da ke shanye a cikinta kuwa ya fi haka nesa. Robar ta ƙandare, ta tsage, iska ta fara tsiyaya. A nan ne jinkirin AKK ya shafi maganata. An ce wata 24 aikin zai ɗauka, ga shi shekaru sun shuɗe. Duk na'urar da aka kawo tun farkon aiki, ta zauna a sito ko a kan bututu ba motsi, ba sabuwa ba ce yanzu, ko da ledarta na jikinta. A buɗe su a duba, a sauya roba da giris kafin a danna gas, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani laifin tun a ofishin sayayya ake aikata shi. Bawul ɗin da ya daɗe a tsaye yana buƙatar ƙarfi fiye da wanda ke motsi kullum. Idan an ba mai rahusa kwangila ya kawo akcuwetar da ƙarfinta daidai yake cif da na sabon bawul, bayan shekara biyu ba za ta iya ɗaga shi ba, balle ranar da matsin iska ya sauka daga bar 7 zuwa 4. Ita ma wayar solanoyid, wadda ke ba iska hanya, ƙonewa take yi idan wuta na hawa da sauka, ko ruwan sama ya shiga ta bakin kebul. Layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024. Kwamfiresar da ba ta da wutar ko-ta-kwana da tankin ajiya mai girma, tare da shi za ta faɗi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bawul ɗin gaggawa, don shi ba ya ƙorafi. Zai shekara a buɗe, fentinsa na ƙyalli, alhali ya maƙale. Hanyar sani ɗaya ce, a riƙa motsa shi kaɗan, kashi 10 zuwa 20 cikin 100, a auna daƙiƙa nawa ya ɗauka, a rubuta, ba tare da an tsayar da gas ba. A San Bruno ta jihar Kalifoniya, ranar 9 ga Satumban 2010, bututun gas ya fashe a tsakiyar unguwa, mutum 8 suka mutu, kuma sai da aka yi minti 95 kafin a tsayar da gas ɗin, saboda sai da mutane suka je suka rufe bawul da hannu. Bawul mai akcuwetar da ta maƙale bai fi wancan da komai ba.

A masana'antu da yawa na ƙasar nan, idan akcuweta ta lalace kuma babu kayan gyara a sito, abin da ake yi shi ne a cire iska, a koma sitiyarin hannu, a ce na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin nan yakan zama shekaru. Ba na ganin laifin ƙaramin ma'aikaci. Ya rubuta takardar neman kaya, ta kwanta a sama. Muna da Kwalejin Horas da Ma'aikatan Man Fetur ta Effurun, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, masu yaye matasan da suka karanci na'urorin awo. A ɗauke su, a ba su sito mai roba da filta da solanoyid na ainihi, a ba shugabansu ikon sayen ƙananan kaya ba sai takarda ta zo Abuja ba. Hukumar NMDPRA kuma, da dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ya dace ta nemi ganin littafin gwajin bawul kafin ta sa hannu.

Ranka ya daɗe, kafin a sa ranar bikin buɗe AKK da tashar Gwagwalada, ka nemi a kawo maka jerin duk bawul ɗin gaggawa, da ranar da aka gwada kowanne na ƙarshe, da sunan wanda ya gwada. Wanda babu kwanan wata a gabansa, kada a danna masa gas.

Wassalam.