Bayanan Ɗan Ƙasa Amana Ce a Wuyan Wanda Ya Karɓa

Tun daga watan Disamba na 2020, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, harkokin ɗan Nijeriya na yau da kullum suka rataya a kan lambobi biyu masu alƙaluma 11 kowacce: lambar NIN da hukumar NIMC ke bayarwa, da lambar BVN da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a watan Fabrairu na 2014 domin tantance masu asusun ajiya. A bayan waɗannan lambobi akwai cikakken sunan mutum da ranar haihuwarsa da adireshinsa da hoton fuskarsa da zanen yatsunsa, kuma wanda bai miƙa su ba ba zai riƙe layin waya ba, ba zai sami fasfo ba, ba zai kuma zauna jarrabawar JAMB ba. A watan Afrilu na 2022 an hana layuka sama da miliyan 72 yin kira saboda masu su ba su cika wannan sharaɗi ba. Ke nan ɗan ƙasa bai ba da bayanansa bisa zaɓi ba, tilasta masa aka yi, kuma a ganin wannan jarida duk wanda ya tilasta wa mutum ba shi ajiya, shi ne na farko da za a tuhuma idan ajiyar ta salwanta.

Abin da masana ke kira sawun intanet shi ne jimillar alamun da mutum ke bari a duk lokacin da ya taɓa waya ko kwamfuta, kuma iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke bari da saninsa, kamar hoton da ya ɗora a Facebook, ko bidiyon da ya saka a TikTok, ko maganar da ya rubuta cikin fushi a wani zauren WhatsApp. Akwai kuma wanda ake ɗiba ba tare da ya ankara ba, wato wuraren da wayarsa ta je da lokacin da ta je, da jerin lambobin da ke cikinta, da abubuwan da ya bincika, da tsawon lokacin da ya tsaya kan wani talla. Na biyun ya fi yawa kuma ya fi daraja a kasuwa, domin da shi ne kamfanonin da ke ba da manhajojinsu kyauta ke samun kuɗin shiga, ta hanyar sayar wa masu talla damar isa ga mutumin da aka riga aka san shekarunsa da garinsa da abin da ransa ke so. Badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica da ta fito fili a 2018, wadda ta shafi bayanan masu amfani da Facebook har miliyan 87, ta nuna cewa da irin wannan sawu ana iya neman juya ra'ayin masu zaɓe.

A Nijeriya lamarin ya fi haka muni. A watan Maris na 2024 gidauniyar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta bankaɗo wani shafin intanet da ke sayar da bayanan rajistar 'yan ƙasa ga duk wanda ya biya 'yan kuɗi kaɗan, sannan a watan Yuni na shekarar ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa Bosun Tijani a wani shafin na daban kan Naira 100. Hukumar NIMC ta musanta cewa an yi kutse cikin rumbunta. Ko da an karɓi wannan bayani yadda yake, bai sauke nauyin ba, domin bayanan da ba a sace ta katanga ba amma suka fita ta hannun wanda aka ba izinin tantancewa, sun fita ke nan. Kuma asarar irin wannan ba ta da mayarwa: wanda aka sace wa kalmar sirri yana iya sauya ta cikin minti ɗaya, amma babu mai iya sauya zanen yatsunsa ko ranar haihuwarsa.

Manhajojin ba da rance su ne suka fara nuna wa talaka yadda ɓarnar take a aikace. Mutum ya nemi rancen 'yan dubbai, manhajar ta nemi izinin shiga jerin lambobinsa da hotunansa, ya danna amincewa saboda matsuwa, ranar da ya makara da biya kuwa sai saƙo ya isa ga surukinsa da maigidansa da limamin unguwarsu ana kiransa ɓarawo. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending Naira miliyan 10 a watan Agusta na 2021 kan irin wannan keta sirri, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a watan Maris na 2022, kuma daga ƙarshen watan Mayu na 2023 kamfanin Google ya haramta wa manhajojin rance da ke rumbunsa leƙa lambobi da hotunan masu amfani da su. Abin lura a nan shi ne surukin da limamin ba su ci bashi ba, ba su kuma amince da komai ba. Lambarsu kawai ke cikin wayar wani.

A arewacin ƙasar nan, mafi yawan sirrin da ke zubewa ba ƙwararrun 'yan kutse ne ke kwashe shi ba, hannu da hannu yake fita. Dattijon da bai iya karatun boko ba yana miƙa katinsa ga mai POS tare da faɗa masa lambar sirri a bainar jama'a. Ɗaliba tana barin hoton takardunta a kwamfutar shagon kafe bayan cike fom. Ana kai waya gyara ko sayarwa kasuwa ba tare da an goge abin da ke ciki ba. Sai kuma masu zagaya ƙauyuka da unguwanni suna tattara NIN da BVN da sunan rajistar tallafi, wani lokaci ma su ba mutum ɗan abin sayen sabulu, daga baya a buɗe asusu da sunansa a riƙa wucewa da kuɗin damfara ta ciki. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawun kuɗin, ƙofar mai sunan za su ƙwanƙwasa. Bai dace a yi saurin ɗora wa waɗannan mutane laifin sakaci ba, alhali sharuɗɗan da ake cewa sun amince da su an rubuta su ne da Turancin lauyoyi, shafi bayan shafi, wanda ko mai digiri ba ya karantawa.

Doka kam akwai ta. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, kuma a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Dokar ta ba mutum haƙƙin tambayar kowane kamfani abin da ya ajiye game da shi, da neman a gyara kuskure ko a goge, da janye amincewar da ya bayar a baya. Ta wajabta neman izinin iyaye kafin sarrafa bayanan yaro. Ta kuma tilasta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan an gano bayanai sun fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Manyan masu riƙe da bayanai da suka saɓa na iya biyan Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. An ma fara gani a ƙasa: NDPC ta ci tarar Bankin Fidelity Naira miliyan 555.8 a 2024, yayin da FCCPC ta ɗora wa kamfanin Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220 a watan Yuli na shekarar, hukuncin da kotun sauraren ƙararrakin gasa ta tabbatar a watan Afrilu na 2025.

Wannan jarida ta yaba da waɗannan matakai, amma ba ta ɗauke su a matsayin kammala aiki ba. Tarar da aka ci babban kamfani ba ta wanke sunan wanda aka tozarta, kuma haƙƙin da mai shi bai taɓa jin labarinsa ba bai tsinana masa komai ba. Mai sayar da hatsi a Dawanau ko mai kiwo a Maigatari bai san akwai wata hukuma da zai kai wa ƙara ba, balle ya san hanyar. Haka nan ba a ga irin zafin da ake nuna wa kamfanoni masu zaman kansu ba idan zargi ya faɗa kan hukumar gwamnati, alhali gwamnati ce ta fi kowa tara bayanan jama'a.

Akwai kuma ɓangaren da babu hukumar da za ta gyara shi sai al'umma da kanta. Bahaushe ya gina zaure a ƙofar gidansa ne domin baƙo ya tsaya a nan, kada idonsa ya kai ga abin da ke ciki, amma yau waya ta wuce zaure ta shiga har ƙuryar ɗaki, kuma sau da yawa mai gidan ne ya shigar da ita. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu, duk da haka hoton mara lafiya a gadon asibiti, da gawar wanda ya yi hatsari, da fuskar marayan da aka ba sadaka, da muryar matar aure da aka naɗa a ɓoye, duk suna yawo daga waya zuwa waya a hannun mutanen da ba za su yarda a yi wa nasu haka ba. Tun 2007, lokacin da wani bidiyon sirri da aka ɗauka da wayar hannu ya fita ya girgiza masana'antar fim ta Kano, aka ga cewa abin da ya shiga wayoyin jama'a ba ya dawowa, kuma mace ce kan ɗauki mafi nauyin abin kunyar. Wanda ya tura irin wannan abu gaba yana da kaso a cikin zaluncin, ko da ba shi ya ɗauka ba. Iyaye ma su sani cewa hoton yaro sanye da kayan makarantarsa yana sanar da baƙo inda zai same shi kowace safiya, abin da bai kamata a yi wasa da shi ba a yankin da ke fama da garkuwa da mutane.

Abin da ke hannun mai waya ba shi da wuya. Lambar nan mai alƙaluma 6 da WhatsApp ke turowa ba a faɗa wa kowa ita, ko da mai kiran ya ce daga zauren masallaci ko na tsofaffin ɗalibai yake, kuma kunna tabbaci mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da mai waya ke zaɓa da kansa, yana toshe wannan ƙofa. Sanya wa katin SIM lambar kulle yana hana ɓarawon waya cire kuɗi da lambobin tura kuɗi na banki. Layin da aka daina amfani da shi a raba shi da asusun banki, domin kamfanonin sadarwa kan sake sayar da layin da ya daɗe a kwance. Banki na gaskiya ba ya kira ya nemi lambar sirri, kuma manhajar tocila ba ta da abin yi da jerin lambobin mutum.

Sai dai wannan taka-tsantsan ba zai maye gurbin aikin hukuma ba. Wannan jarida tana kira ga NDPC da ta fassara haƙƙoƙin da dokar 2023 ta tanada zuwa Hausa da sauran harsunan ƙasa, ta kai su gidajen rediyo, ta kuma buɗe hanyar karɓar ƙorafi da baki ga wanda ba ya rubutu. Hukumar NIMC ta riƙa bayyana wa jama'a waɗanda ta ba izinin shiga rumbunta da hukuncin da ta yi wa waɗanda suka ci amana. Bankuna da kamfanonin sadarwa su ɗauki alhakin abin da wakilansu ke yi a kasuwanni da tashoshin mota, malamai da masu unguwanni kuma su gargaɗi mutanensu kada su miƙa NIN ko BVN ga duk wanda bai nuna daga inda ya fito da abin da zai yi da su ba.